Henry Sorby, Mutumin Da Ya Leƙa Cikin Ƙarfe

An haifi Henry Clifton Sorby ran 10 ga Mayu, 1826, kusa da birnin Shefil na ƙasar Ingila, garin da ya shahara wajen ƙirar wuƙaƙe. Iyayensa masu hali ne, saboda haka bai taɓa yi wa kowa aikin albashi ba; dukiyar gado ya zuba a kan bincike, kuma bai yi aure ba har ya mutu.

Da duwatsu ya fara. A 1849 ya riƙa goge ɓallin dutse har ya yi sirantakar da haske zai ratsa shi, sa'an nan ya duba da madubi mai ƙara girman abu. Waɗansu masana suka yi masa dariya, wai yana neman sanin tsauni ta ƙwayar tsakuwa.

A 1863 ya juya ga ƙarfe. Da yake haske ba ya ratsa ƙarfe, sai ya goge fuskarsa ta yi sumul, ya ɗiga mata ruwan asid, ya duba. Nan ya ga ashe ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne manne da juna, kuma zafi, duka da saurin sanyaya su ke sauya tsarinsu. Maƙeran Talata Mafara da Bakura sun san wannan a hannu: gatarin da aka tsoma a ruwa yana jajir yakan yi tauri, amma ya yi saurin karyewa, sai an sake ɗan gasa shi. Sorby ne ya buɗe hanyar ganin dalili da ido.

Masu masana'antu suka yi biris da shi wajen shekara ashirin, ko da yake a zamanin dogon jirgin ƙasa yakan karye ya jawo hasarar rayuka. Sai a 1886 ya bayyana wani sashe mai ƙyalli kamar lu'ulu'u, wanda jeri ne na ƙarfe mai taushi da mai tauri, bi da bi. Waɗanda suka biyo bayansa suka tabbatar cewa in ƙwayoyin suka ƙanƙanta, ƙarfi da juriya kan ƙaru tare. Don haka ake sa ɗan manganis ko banadiyam a ƙarfen gada da bututun mai.

Ya taimaka wajen kafa Jami'ar Shefil. Ya mutu ran 9 ga Maris, 1908.