Rabe Mayaƙin Barno da 'Ya'yan Mutane da Ya Ba Bindiga

Mutanen Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar ba su bukatar a gaya musu girman Barno, gama a dā Sarakunan Gumel can Kukawa suke kai gaisuwa. Yau za mu kawo labarin wanda ya rushe Kukawan nan, watau Rabe.

An haifi Rabe kusa da Hartum, ƙasar Sudan, wajen shekarar 1842. Da ya girma ya shiga hidimar Zubairu Basha, babban mai fataucin bayi da hauren giwa. Sa'ad da aka tsare Zubairu a Alƙahira, ɗansa Sulaimanu ya yi wa Gwamnatin Masar tawaye, aka ci shi, aka kashe shi cikin 1879. Rabe ya ƙi sallamawa, ya kwashi 'yan bindiga ɗaruruwa ya nausa yamma.

To, ina ya sami dubban mayaƙan da ya zo Barno da su? Galibinsu bayi ne. Al'adar barayen Zubairu ce, in sun ci gari su kwashi samari da yara. Yaro ya fara da ɗaukar wa ubangidansa bindiga, in ya yi ƙarfi a koya masa harbi, har ya manta garinsu da harshen uwarsa. Da irin wannan runduna Rabe ya ci Bagarmi, kāna ya karya Shehu Hashimi cikin 1893, ya ƙone Kukawa, ya zauna a Dikwa.

Mulkinsa bai wuce shekara bakwai ba. Ran 22 ga Afrilu, 1900, Faransawa suka gamu da shi a Kusiri. Shi da shugabansu, Lami, duka nan suka faɗi, aka yanke kan Rabe aka nuna wa jama'a. Ɗansa Fadlallah kuwa aka kashe shi a Gujba cikin 1901. Ba alƙalin da ya taɓa tambayar Rabe 'ya'yan wa ya ɗebe, ba uwar da aka saurari ƙararta.

Yanzu dokar duniya ta sāke. Yarjejeniyar Rum ta 1998, wadda Nijeriya ta amince da ita cikin 2001, ta sa ɗaukar yaron da bai kai shekara 15 ba aikin soja cikin laifuffukan yaƙi. A kan wannan laifi ne Kotun Duniya ta Heg ta kama Tomas Lubanga, mutumin Kwango, cikin 2012, ta ɗaure shi shekara 14. Dominik Ongwen na Yuganda kuwa, shi kansa sace shi aka yi yana yaro, ya girma ya saci waɗansu, aka yanke masa shekara 25 cikin 2021. Cikin Disamba, 2020, mai gabatar da ƙara ta kotun, Fatu Bensuda, ta ce akwai dalilin zargin 'yan Boko Haram, har da waɗansu jami'an tsaro, da sa yara yaƙi a Nijeriya.

Amma shari'a ba ta zuwa sai bayan ɓarna. Saboda haka muna roƙon malamai su riƙa duba littafin kiran suna da kyau, akawuna kuma su rubuta haihuwa daidai, gama da takardar haihuwa ake tabbatar da shekarun yaro gaban alƙali. In yaro ya daina zuwa makaranta, a je gidansu a bincika tun da wuri. Allah ya tsare mana zuriyarmu, amin.