Abdurrahman al-Sufi, malamin da ya bi taurari da idonsa

Daren da wata ya ratsa ta gaban Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, mun taru a filin makaranta muna karɓa-karɓa da madubin hangen nesa guda ɗaya tal. Wani ɗalibina ya tambaye ni, wai ilimin taurari na Turawa ne kaɗai? Sai na ba shi labarin Abdurrahman al-Sufi.

An haife shi a Rayy, kusa da Tehran ta yau, a shekarar 903. Ya yi aiki a fadar sarki Adud al-Daula, kuma wajen 964 ya kammala littafinsa kan surorin taurari. Ya ɗauko tsohon lissafin Batlimus na Iskandariyya, ya bi taurarin ɗaya bayan ɗaya, inda ya tarar an yi kuskure a ƙarfin haskensu ya gyara. Har manyan malamai ya soka saboda kwafar littafi ba tare da sun ɗaga kai sama ba, kuma wannan ne ya fi burge ni. A littafinsa aka fara samun bayanin tarin taurarin Andromeda, ya gan shi kamar ɗan gajimare, ba na'ura ba komai.

Ya rasu a 986, Allah ya jiƙansa. A jikin watan nan akwai rami mai sunansa, Azophi. Yaran sun yi ta nema, madubinmu bai nuna shi ba.