Malam Aminu Kano: Wanda Ya Koya Wa Talaka Magana

An haifi marigayi Malam Aminu Kano a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ran 9 ga Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin shari'a ne. Bayan ya gama Kwalejin Kaduna a 1942, ya koyar a Makarantar Midil ta Bauci, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur. Ya ƙaro ilmi a London a 1946, sa'an nan ya koyar a Maru, har ya ajiye aiki a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU. A 1953 ya zama shugabanta.

A wancan zamani manomin ƙasar Dawakin Tofa ko Bici ko Dambatta yakan noma gyaɗa, ya biya haraji, ya yi aikin tilas, amma ba ya ɗaga ido gaban dagaci, balle hakimi. Ba a yin lacca sai da izinin En'e, kuma kotunan alƙalai sukan ɗaure 'yan NEPU ko su yi musu bulala bisa laifin zagin sarakuna. Abin da Malam ya yi ta karantarwa ƙauye-ƙauye shi ne, talaka yana da ikon ya tambayi inda kuɗin harajinsa ya tafi, kuma tambaya ba rashin kunya ba ce. Masu mulki suka kira wannan fitina. Haka kuma ya nace a ba matan Arewa ƙuri'a tun lokacin da mutane da yawa ke ganin abin ya saɓa wa al'ada.

Ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959, kuma Janar Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Tarayya a 1967. A 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci Jihohin Kano da Kaduna, Gwamna Abubakar Rimi kuwa ya soke haraji da jangali a Kano.

Akan kwatanta shi da Gandhi na Indiya, wanda tafarkinsa ya burge shi ƙwarai, da Martin Luther King na Amurka, domin dukansu an zarge su da tada zaune tsaye kafin a karrama su. To, amma masu ɗora wa kowane mai kaifin baki sunan Malam ya kamata su lura: ba zafin harshe kaɗai ya ɗaukaka shi ba. Ya ƙi tashin hankali, ya kafa hujja da Alƙur'ani da doka, kuma ya riƙe manyan muƙamai bai tara dukiya ba.

Ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa na Mumbayya, Gwammaja. Filin jirgin saman Kano da Asibitin Koyarwa suna ɗauke da sunansa. Allah ya jiƙansa, amin.