Abraham Maslow, Malamin da Ya Jera Bukatun Ɗan Adam

Duk wanda ya zo wannan kwaleji koyon aikin malanta zai ji sunan Maslow, amma kaɗan ne suka san irin zaman da ya yi a duniya.

An haife shi a unguwar Brooklyn ta birnin New York, a Amurka, ran 1 ga Afrilu 1908. Iyayensa Yahudawa ne talakawa, baƙi daga ƙasar Rasha, shi ne kuwa ɗan fari cikin 'ya'ya bakwai. Ya tashi ba shi da abokai, yaran unguwa suna tsangwamarsa, ga shi kuma ba ya shiri da mahaifiyarsa. Sai ya mai da littattafai abokan hirarsa. Watau tun yana ƙarami ya san zafin rashin ƙauna.

Ubansa ya so ya zama lauya. Ya fara, ransa bai kwanta ba, ya bari. Ya tafi Jami'ar Wisconsin ya koyi sanin halin ɗan Adam, ya yi ta nazarin birai, har ya sami digirin dakta a 1934. Daga 1937 ya koyar a Kwalejin Brooklyn, a 1951 kuma ya koma Jami'ar Brandeis.

Cikin 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya fito da bayanin da ya sa sunansa ya bazu. Ya kasa bukatun mutum hawa biyar. Na fari ci da sha da barci. Na biyu zaman lafiya, babu fargaba. Na uku ƙauna da zama cikin jama'a. Na huɗu mutunci, a ga girmanka, kai ma ka ga girman kanka. Na biyar mutum ya fid da baiwar da ke gare shi har iyakarta. A ganinsa, muddin bukatar ƙasa tana damun mutum, ta sama ba ta cika jan hankalinsa ba. Da ma Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Amma fa shi kansa ya yarda ba kowa ke bin wannan jeri daidai ba, gama akwai masu jure yunwa saboda abin da suka gaskata. Hoton dala ɗin nan da a ke zanawa a allo ma ba shi ya zana ba, na baya ne suka yi. Ciwon zuciya ya kashe shi a California ran 8 ga Yuni 1970, yana da shekara 62.

To, 'yan'uwa, gobe za a tura mu makarantun Bosso ko Chanchaga. In ka ga yaro yana gyangyaɗi a aji, kada ka yi saurin ɗaukar bulala. Tambaye shi tukuna ko ya sha koko da safe, ko kuwa akwai mai razana shi a hanya. Wanda ke rakuɓe shi kaɗai, jawo shi cikin 'yan'uwansa. Sa'an nan ka nemi karatu a wurinsa.