Malam Aminu Kano: Wakilin Talakawa a Majalisar Tarayya

An haifi marigayi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekarar 1920, a gidan malamai masana shari'a. Ya yi Midil ta Kano, sa'an nan ya zarce Kwalejin Kaduna, inda ya gama a 1942. Daga nan aka tura shi koyarwa Midil ta Bauci. A can ne ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, suka riƙa tattauna halin da talaka yake ciki a ƙarƙashin mulkin En'e. Bayan ya ƙaro ilmi a Ingila, ya koyar a Maru, kana ya ajiye aikin a 1950, watau shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU. A 1953 ya zama shugabanta.

Shiga majalisa bai zo masa da sauƙi ba. A zaɓen 1951 an bi tsarin hawa-hawa ne, wanda ya ba sarakuna rinjaye a matakin ƙarshe. A 1954 kuma Alhaji Maitama Sule ya kayar da shi. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Tarayya a Ikko.

Nasarar nan ta zo masa da jarrabawa. NEPU ƙawar NCNC ce, ita kuwa NCNC ta haɗa gwamnati da NPC. Saboda haka Malam ya zauna a ɓangaren gwamnati a Ikko, alhali kuwa a Arewa ana ɗaure magoya bayansa a kotunan alƙalai. Duk da haka bai fasa neman a gyara shari'a, a kuma ba matan Arewa ilmi da ƙuri'a ba. Ya rasa kujerar a zaɓen 1964.

Ya riƙe ma'aikatun sadarwa da lafiya zamanin Janar Gowon, ya kafa PRP a 1978. Bai ci shugabancin ƙasa a 1979 ba, amma jam'iyyarsa ta ci jihohin Kano da Kaduna, ta soke haraji da jangali. Ƙasar Katsina tana cikin jihar Kaduna a lokacin, don haka manoma da makiyayan Kankiya da Kusada suna cikin waɗanda aka sauke wa wannan nauyi.

Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983. Gidansa na Mumbayya ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Allah Ya jiƙansa, amin.