Enriko Karuso, ɗan makaniki da ya zama babban mawaƙi

A ƙasashen Turai akwai wani irin wasan kwaikwayo da ake ce ma opera. A cikinsa ƴan wasa da waƙa suke zance, makaɗa masu yawa suna raka su da goge da sarewa. Mawaƙin opera ba shi amfani da na'urar ƙara murya. Tilas muryarsa ta rinjayi kiɗa, ta kai har kunnen wanda ke zaune can baya.

An haifi Enriko Karuso a shekara ta 1873 a birnin Napoli, ƙasar Italiya. Ubansa makaniki ne, ba shi da dukiya. Tun Enriko yana yaro aka sa shi koyon aikin ƙarfe. Uwarsa ce ta riƙa ƙarfafa masa gwiwa wajen waƙa. Ta rasu yana da shekara 15.

A 1891 ya shiga hannun wani malamin waƙa mai suna Berjine. Ba shi da kuɗin biya, sai ya yi alkawarin ba malamin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da zai samu nan gaba. Shekara uku yana koyo. Ya koyi jawo numfashi har cikin ciki, ya riƙe shi, ya sake shi kaɗan-kaɗan. Ya koyi hawa da sauka da murya, ya haddace waƙoƙi masu tsawo.

A 1895 ya fara wasa gaban jama'a a Napoli. Amma da sauran aiki: in ya ɗaga murya sama ƙwarai, sai ta karye. Bai fid da rai ba. Ya koma koyo wurin wani malami, Lombardi, har muryar ta zauna daram.

Daga nan sunansa ya bazu. A 1902, a birnin Milano, aka ɗauki waƙoƙinsa goma a faifan garmaho. A 1903 ya tafi Niyu Yok, ƙasar Amurka. Tare da ƙungiyar opera ta Metropolitan ya yi wasa sau 863.

A ƙarshen 1920, yana tsakar waƙa, jini ya fara fito masa daga maƙogwaro. Ya daure har ya gama kashin farko na wasan. Bayan haka ya ƙara wasa sau uku, sannan ciwo ya kwantar da shi. Ya rasu a Napoli a 1921, yana da shekara 48. Har yau ana sauraren muryarsa.

Tambayoyi
1. Mene ne opera?
2. Yaya Karuso ya biya malaminsa na farko?
3. Me ya yi da muryarsa ta riƙa karyewa?