Hanns Vischer (Ɗan Hausa), 1876-1945: Baturen da Ya Auna Tsarin Karatu Uku

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya ɗauki biro ya rubuta Hausa da baƙaƙen boko, ko ya sani ko bai sani ba, yana cin gajiyar wani aiki da aka yi a Kano fiye da shekara ɗari da suka wuce. A wannan ɗan rubutu zan kawo taƙaitaccen tarihin mutumin da ya jagoranci aikin, wato Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa. Na zaɓe shi ne domin rayuwarsa ta ta'allaƙa da tambayar da ta shafe mu ɗaliban harshe: da wane harshe za a koyar da yaro, wa zai koyar da shi, kuma me za a koya masa?

Haihuwarsa da Zuwansa Ƙasar Hausa

An haifi Vischer a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a shekarar 1876, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij da ke Ingila. Zuwansa na farko ƙasar nan aikin mishan ne ya kawo shi, ƙarƙashin ƙungiyar CMS, amma bai daɗe ba ya ajiye. A 1903 ya zama ɗan ƙasar Birtaniya, ya shiga aikin mulki, aka tura shi Barno. A 1906 ya ratsa Hamada da ayarin raƙuma daga Tarabulus, ya bi ta Murzuk da Bilma har ya iso Barno, ya kuma buga labarin tafiyar a littafi a 1910. Wannan cuɗanya da mutane ita ta gyara masa Hausarsa, ta kuma nuna masa cewa ƙasar da ya zo tana da nata karatun tun kafin zuwan Turawa.

Tsare-tsaren da Ya Tarar

Tsari na farko shi ne na makarantun allo da na ilmi, waɗanda ake da su dubbai a Arewa. Yaro yana fara babbaƙu da farfaru a gaban malam, ya yi ta wanke allo har ya sauke, sannan ya shiga zaure ya ɗauki littattafan fiƙihu da nahawu. Kowa yana tafiya gwargwadon ƙwazonsa, ba aji ba ƙararrawa, kuma al'umma ce ke ɗauke da malam.

Tsari na biyu shi ne na makarantun mishan a Kudu, wanda ya fara daga Badagry a shekarun 1840. Tun a 1859 aka buɗe makarantar sakandare ta CMS a Ikko. A can akwai aji da jadawali da jarrabawa, kuma Turanci shi ne tsanin samun aikin akawu. Sai dai addini ne ginshiƙin makarantar, shi ya sa sarakunan Arewa suka ƙi ta, musamman da yake Gwamna Lugga ya yi musu alkawari a 1903 cewa ba za a taɓa musu addini ba. Makarantar da Dokta Miller ya gwada buɗe wa 'ya'yan sarakuna da malamai a Zariya ba ta yi nisa ba saboda wannan zargi.

Tsari na uku Vischer ya je ya gano shi ne da idonsa. Gwamna Girouard ya ba shi aikin ilmi a 1908, ya tura shi Masar da Sudan da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, domin ya ga yadda ake yi. A Hartum ya ga yadda gwamnati ke tafiyar da karatun zamani ga Musulmi ba tare da mishan ba. Wannan shi ya fi kwanta masa.

Makarantar Nasarawa

A 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwar birni. Da malamai ya fara, domin ya fahimci cewa in malamai ba su yarda ba, iyaye ba za su kawo 'ya'yansu ba. Daga nan aka ƙara sashen 'ya'yan sarakuna da na elementare da na sana'o'i irin su dukanci da ƙira da kafinta. Da Hausa ake koyar da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, malaman gida kuma suna koyar da Larabci da addini. Baitulmalin sarakuna ya taimaka da kuɗi. Malaman da aka horar a nan su suka je suka koyar a makarantun larduna irin su Sakkwato da Katsina.

Da yake koyarwa da Hausa na buƙatar rubutu iri ɗaya, a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko. Baƙaƙe masu lanƙwasa da muke amfani da su, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka zauna, amma shi ya share fage.

Inda Aka Samu Giɓi

Masu iya magana sun ce kowane allazi da nasa amanu. A nawa ganin, Vischer ya yi daidai a abu biyu: ya girmama harshen yaro, ya kuma nemi yardar iyaye. Amma tsarin ya zo da cikas guda huɗu. Na farko, ɗalibai kaɗan ne, mafi yawansu 'ya'yan masu sarauta da na malamai. Na biyu, babu mata, sai a 1930 aka buɗe musu makarantun gwamnati a Kano da Katsina. Na uku, an jinkirta koyar da Turanci, alhali ofisoshin gwamnati da jirgin ƙasa da kamfanoni da Turanci suke aiki, don haka akawuna daga Kudu da Gwalkwas suka cike guraben. Na huɗu, fifita boko ya tura ajami gefe, sai malamin da ya ƙoshi da ilmi ya wayi gari ana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Ratar da ke tsakanin Arewa da Kudu a lokacin samun 'yanci a 1960 tana da dalilai da yawa, amma waɗannan na cikinsu.

Ƙarshen Rayuwarsa

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya raba shi da Kano. Daga 1923 zuwa 1939 ya zama sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka shawara kan ilmi a Landan, kwamitin da ya goyi bayan fara karatu da harshen uwa. Yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a 1926. Ya rasu a Ingila a 1945. Gidan ƙasar da ya zauna a Kano, Gidan Ɗan Hausa, ya zama wurin adana kayan tarihi.

Kammalawa

Muhawarar da Ɗan Hausa ya shiga ba ta ƙare da shi ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajin koyar da firamare shekara shida da Yarbanci a Ile-Ife. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, a 2025 kuma ta soke. Darasin da na ɗauka daga Nasarawa shi ne, harshen uwa yana buɗe kan yaro, amma shi kaɗai ba ya isa. Sai an haɗa da horarren malami da littattafai da kuɗi, an buɗe ƙofa ga ɗan talaka da 'ya mace, an kuma koyar da harshen da ake neman aiki da shi a kan kari. Mu da muke nazarin Hausa da sauran harsunan ƙasar nan, mu ne za mu shiga aji gobe, mu ne kuma za mu rubuta waɗannan littattafai.